Idan Kyanwarka Ta Rungume Hannunka Tana Shuri: Dalilinta da Abin da Za Ka Yi

Duk wanda ya zauna da kyanwa a gida ya san wannan abin. Za ta zo gabanka ta kwanta, ta mirgina, ta buɗe ciki. Ka miƙa hannu ka shafa, kafin ka ankara ta rungume hannun da ƙafafunta na gaba, ta kafa haƙora, ta shiga shuri da ƙafafun baya duka biyu a tare, tana yi tana ƙarawa. Kana zare hannu sai ka ga jajayen layuka tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci, su ce kyanwar muguwa ce, ba ta san alheri ba. Na san waɗanda suka rabu da kyanwarsu saboda wannan kaɗai, kuma abin yana ci mini rai, domin matsala ce mai magani, maganin kuma yawanci a hannun mutanen gidan yake.

Maguna biyu gare ni. Akwai Shamuwa, mace, baƙa mai farin ƙirji, wadda aka tsinta ita kaɗai idonta bai daɗe da buɗewa ba, ta tashi a hannun mutane, ba uwa ba 'yan'uwa. Akwai kuma Dila, muzuru mai ruwan toka, wanda ya zauna da uwarsa da 'yan'uwansa har ya yi wayo. Dukansu suna shuri. Amma Dila in ya kama hannu, faratansa a ciki suke, haƙoransa ba sa nutsewa, yana jin hannun ya tsaya cak sai ya saki. Shamuwa kuwa a farkon zamanta ba ta san iyaka ba, duk abin da ta kama sai ta ba shi ƙarfinta gaba ɗaya. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga kallon su biyun na samo shi, na haɗa da abin da likitocin dabbobi da masu nazarin ɗabi'ar kyanwa suka tabbatar.

Daga ina shurin ya samo asali

Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ta yi wajen shekara 10,000 tana zaune kusa da mutane, amma jikinta da dabarun farautarta ba su canja sosai ba. Ƙaramin ɓera cizo ɗaya a ƙeya ya ishe shi. Idan kuwa abin da ta kama yana da girma, kamar gafiya ko ɗan zomo, to zai yi ta fizge-fizge, yana iya cizonta. A nan take faɗuwa ta gefe, ta riƙe shi gam da ƙafafun gaba, ta danne da haƙora, ta sa ƙafafun baya tana tsaga masa ciki har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙafafun bayan nan su ne mafi ƙarfi a jikinta, da su take tsalle daga ƙasa ta dira a kan katanga. Farata 18 gare ta, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Na gaban don riƙewa ne, na bayan su ke yin aikin tsagawa.

Wannan shurin kuma shi ne makaminta na kare kai. Idan muzuru biyu suka yi faɗa na gaske, wanda aka kayar ba ya ganin an gama da shi. Kwanciya a kan baya tana ba shi damar fuskantar abokin gaba da ƙafafu huɗu da haƙora a lokaci ɗaya. Ka lura da wata fata mai reto a ƙasan cikin kyanwa, gab da ƙafafun baya, wadda wasu ke ɗauka teɓa ce. Har kyanwa maras ƙiba tana da ita, kuma masana da dama suna ganin ɗaya daga cikin amfaninta shi ne kare hanji daga irin wannan shuri. Masu iya magana da suka ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, sun kalli dabbar da kyau.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ba za ka iya cire shuri daga jikin kyanwa ba, kuma bai kamata ka nemi cirewa ba. Kyanwar da ke shuri lafiyarta ƙalau, tana yin abin da aka halicce ta da shi. Aikinka shi ne ka canja abin da take shurawa, ka kuma gane lokacin da shurin ke nufin wani abu daban.

Shuri iri-iri ne

Wanda aka fi gani shi ne na wasa. Za ka gane shi da abin da ya gabace shi: ta laɓe a bayan kujera, ta kwantar da ƙirji a ƙasa, tana ɗan kaɗa ɗuwawu, baƙin idonta ya buɗe, kunnuwa suna kallon gaba, sannan ta daka tsalle. Ba ta huci, ba ta gurnani. Bayan ta saki sai ta ruga a guje ta sake dawowa. Ƙananan maguna da waɗanda ba sa fita waje sun fi yin wannan, musamman da asuba da kuma faɗuwar rana, lokutan da jikin kyanwa ke tashi don farauta.

Na biyu shi ne shurin "ya isa haka". Wannan shi ya fi ruɗa mutane, don yana zuwa ne ana tsakiyar shafa, kyanwar ma tana nuna jin daɗi. Fatar kyanwa tana da saurin ji, shafar da ta yi daɗi a farko tana iya zama takura in ta yi yawa a wuri ɗaya. Kuma tana faɗa kafin ta kai ga shuri, mu ne ba ma lura. Bakin jelarta zai fara motsi, daga nan jelar ta shiga bugun ƙasa. Fatar bayanta ta yi ɗan rawa. Kunnuwa su juya gefe ko baya. Ta daina lumshe ido, ta juyo da kai tana kallon hannunka. Shamuwa tana da wata alama tata: sai ta lashi hannuna da sauri sau biyu ko uku, lasa mai ƙarfi, to na san in ban ɗauke ba cizo ne zai biyo. Kowace kyanwa tana da irin tata alamar, kuma in ka zuba ido za ka gane ta.

Maganar ciki ta cancanci a tsaya a kanta. Kare in ya kwanta ya buɗe ciki, sau da yawa shafa yake nema. Kyanwa in ta yi haka a gabanka, tana nuna ta saki jiki da kai ne, ta yarda ba za ka cuce ta ba. Cikin nan shi ne wurin da ya fi kowane rauni a jikinta, hannu yana sauka a kai sai jikin ya mayar da martani kafin ma ta yi tunani. Akwai maguna ƙalilan da suke son a shafa musu ciki, amma kada ka ɗauka taka tana cikinsu sai ta nuna maka. In ta mirgina a gabanka, ka yi mata magana a hankali, ka sosa mata kumatu ko ƙarƙashin haɓa ko gindin kunne. A wuraren nan take da ƙananan gurabun da ke fitar da ƙamshin jikinta, shi ya sa take goga su a jikin ƙofa da ƙafarka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Lincoln ta Ingila, aka buga a 2015, ya nuna maguna sun fi nuna ɓacin rai idan aka shafa su a gindin jela, sun fi karɓar shafa a wajen fuska.

Na uku na tsoro ne, kuma ba ya ɓuya. Kunnuwa a manne da kai, gashin jiki a tashe, huci da gurnani, farata duka a waje. Yana faruwa in an ɗauke ta da ƙarfi, ko an matse ta a lungu, ko yaro ya rungume ta ya ƙi saki. Wani lokaci ma ba kai ne dalili ba: ta hango baƙon muzuru ta taga, ranta ya ɓaci, ba ta iya kai masa, kai kuma ka zo ka taɓa ta, sai ta sauke a kanka. Kyanwar da ke cikin wannan hali ba a lallashinta da hannu. Ka ba ta hanya, ka bar ɗakin, ka bari ta huce da kanta ko da zai ɗauki awa da yawa.

Na huɗu na ciwo ne, zan zo kansa a gaba.

Lokacin da hannunka ke cikin faratanta

Abin da jiki ke so ya yi shi ne fizge hannu. Kada ka fizge. Abin da aka kama in ya yi ƙoƙarin tserewa, mai farauta ƙara riƙewa yake, kuma faratan gaba a lanƙwashe suke, ja da baya shi ke sa su yaga fata. Ka saki hannun ya mutu, kada yatsa ɗaya ya motsa. Yana da wuya a karon farko, amma yawancin maguna cikin 'yan daƙiƙu suke sassautawa, don abin da ba ya motsi ba ya ba su sha'awa. In ba ta saki ba, ka ɗan tura hannun a hankali zuwa wajen ƙirjinta. Abin farauta ba ya matsowa kusa da wanda ya kama shi, don haka sai ta rikice ta buɗe ƙafafu. Da ɗayan hannun ka ɗauko duk wani abu mai laushi da ke kusa, matashi ko tawul, ka zura tsakanin ƙafafunta, ka zare naka sannu a hankali.

Daga nan ka tashi ka bar wurin. Ba faɗa, ba kallo, ba magana. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Abin da kake koya mata shi ne duk sanda farce ko haƙori ya taɓa fatar mutum, wasa ya ƙare nan take. Haka 'yan'uwanta suke koya mata tun suna ƙanana: wanda ya ciji ɗan'uwansa da zafi, sai ɗan'uwan ya yi ƙara ya tafi ya bar shi.

Ina roƙon duk mai kyanwa da kada ya doke ta, kada ya ɗalle mata hanci, kada ya watsa mata ruwa, kada ya ɗaga ta da fatar wuya. Kyanwa ba ta haɗa duka da laifin da ta yi, tana haɗa shi ne da hannun da ya doke ta. Wadda ke shurin wasa in ana dukanta, a hankali sai ta koma shurin tsoro, wannan kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba, kuma ya fi wuyar gyara. Ɗaga babbar kyanwa da fatar wuya yana yi mata ciwo, don nauyin jikinta ya wuce abin da fatar za ta ɗauka.

Ka ba ta abin shuri nata

Wannan shi ne abin da ya fi yi mini aiki, kuma ba sai ka saya ba. Ana sayar da dogayen kayan wasa da aka yi musamman don wannan, wasu da siffar kifi, amma na gida yana yin aiki daidai da su. Ka samu doguwar safa mai kauri, ko ƙafar tsohon wando mai ƙarfin yadi. Tsawon ya kai kamar santimita 30, wato ya isa ta riƙe sama da ƙafafun gaba, na baya kuma su samu abin duka. In ya gajarta, ƙafafun baya iska za su riƙa shura, sai ta bar shi ta dawo kan hannunka. Kaurinsa ya yi kamar na damtsen mutum. Ka cusa tsummoki ka danna sosai, don abu mai taushi da yawa ba ya tsayawa a gaban shuri. Ni nakan sa takarda mai ƙara a tsakiya, ƙarar tana sa Dila ya ƙara himma. Sannan ka ɗinke bakin da kyau, ɗinki biyu.

Kada ka sa maɓalli, ko dutsen ado, ko roba mai miƙewa, kuma kada ka bar zare yana reto. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, zare in ya shiga baki da wuya ta iya tofar da shi, sai dai ta haɗiye. Zare a cikin hanji yana iya tattare hanjin ya yanke shi, abin da ke kai kyanwa ga tiyata ko ga mutuwa. In ka taɓa ganin zare yana leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, kada ka ja, ka kai ta wurin likita. Shi ya sa nake duba ɗinkin abin shurin duk sanda na ɗauke shi daga ƙasa.

Akwai wani ganye dangin na'ana'a da ake kira katnif, ana sayar da busasshensa inda ake sayar da kayan dabbobin gida. Ƙamshinsa yana sa kyanwa birgima da goga fuska da shuri na kamar minti goma, sannan ya sake ta. Wajen kashi biyu cikin uku na maguna ne yake yi wa aiki, abin gado ne, kuma 'yan ƙanana ba sa kula shi sai sun yi wasu watanni. Dila yana haukacewa a kansa, Shamuwa ko shinshinawa ba ta yi. In taka tana so, ka zuba ɗan kaɗan a cikin tsummokin. Amma ka lura, wasu yana sa su zafin kai, irin waɗannan kada ka kai hannu kusa sai ya sake su.

Yadda ake miƙa shi ma yana da muhimmanci. In ka jefar da shi a tsakar ɗaki ka tafi, za ta wuce shi kamar ba ta gani ba. Ka jira sanda ta fara laɓe-laɓe ko ta kwanta ta gefe da idon wasa, ka ja shi a ƙasa a gabanta, ka ɗan girgiza, ka kai shi ƙirjinta. Tana kamawa ka riƙe ƙarshen sama kana ɗan ja kaɗan-kaɗan, kamar abu mai rai, sannan ka sakar mata. Ka ajiye ɗaya a duk inda ta saba kama ka, kusa da gado ko kujerar da kake zama, don ya zamana hannunka na kai wa gare shi ba tare da ka tashi ba. In ta gaji da ɗaya, ka ɓoye shi na 'yan kwanaki ka fito da wani.

Wasa kullum

Kyanwar da ta yi wasa ta gaji ba ta cika kai wa mutane hari ba. Ka samu sanda mai ɗan tsawo, ka ɗaure igiya mai kauri, a ƙarshenta ka sa gashin tsuntsu ko ƙyalle. Sandar tana nisanta hannunka daga wurin da ake cafka. Ka motsa shi yadda abin farauta ke yi: ya yi nesa da ita, ya tsaya, ya ɓuya a bayan ƙafar tebur, ya leƙo, ya ruga. Kada ka riƙa kaɗa mata shi a fuska, ɓera ba ya zuwa ya tsaya a hancin kyanwa. Ka bar ta ta kama lokaci-lokaci, in ba haka ba ranta zai ɓaci. A ƙarshe ka miƙa mata abin shurin ta gama da shi, sannan ka ba ta abinci. Farauta, kamu, ci, lasar jiki, barci: haka tsarin yake a jikinta, in ka bi shi za ka ga ta kwanta shiru. Bayan wasa ka ɗauke sandar ka adana, saboda igiyar.

Minti goma da safe, minti goma da yamma ya ishi yawancinsu, ƙanana kuma sukan nemi ƙari. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun wallafa a 2021 cewa wasan minti biyar zuwa goma a kullum ya rage yawan dabbobin da maguna ke kamowa su kawo gida da kashi 25 cikin 100. Wannan ya nuna wasa yana biya mata wani ɓangare na buƙatar farauta da gaske. Fitilar nan mai jan ɗigo da ake haskawa a ƙasa ba na son ta ita kaɗai, don kyanwa za ta yi ta bi ba ta kama komai ba. In ka yi amfani da ita, ka ƙare da abin da za ta riƙe a ƙafa.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma sai kowa ya bi ta: ba a wasa da kyanwa da hannu ko ƙafa. Ba a motsa yatsu a ƙarƙashin bargo don ta cafka, ba a kokawa da ita da tafin hannu a ciki. Mutum ɗaya in yana yi, ya rushe aikin sauran, domin kyanwa ba za ta bambance hannun da aka yarda ta kama da hannun jariri ko na tsohuwa ba. Yara ka nuna musu da kanka: a shafa fuska, a bar ciki da jela, in ta tashi za ta tafi a ƙyale ta. Baƙo ma in ya zauna, ka faɗa masa tun kafin ya miƙa hannu.

Ka sa rai cewa a kwanakin farko abin yana iya ƙaruwa. Ta saba in ta kama hannu ana biye mata, yanzu an daina, sai ta ƙara ƙarfi ta gani ko zai dawo. In ka dage, yana raguwa. Shamuwa har yau takan manta wani lokaci ta rungumi hannuna, amma faratan a ciki, shuri ɗaya ko biyu marasa ƙarfi, sai ta saki ta nemi safarta.

Ga mai shirin ɗaukar ɗan kyanwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasan kokawa tsakanin 'yan'uwa, wanda ke yin ƙarfi a wata na biyu da na uku, a nan suke koyon iyakar cizo da shuri. Wani bincike na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, wanda aka buga a 2017 kan maguna fiye da 5,000, ya gano waɗanda aka raba da uwa kafin mako takwas sun fi saurin faɗa da mutane in sun girma. Ka bar shi da uwarsa har mako 12, in da hali ma 14. In kuwa maraya ne kamar Shamuwa, samun ɗan'uwan wasa mai shekaru kusa da nasa yana taimakawa ƙwarai. Zuwan Dila ya rage mata zafin wasa fiye da duk abin da na yi.

In kana da biyu, za ka ga suna shurin juna, har ka tsorata. Ka saurara. Wasa shiru ake yin sa, suna karɓa-karɓa, wannan a sama yanzu, anjima wancan, su tsaya su lashi jiki su ci gaba. In ka ji kururuwa da huci, gashi yana tashi, ɗaya kullum shi ke gudu yana ɓuya, to faɗa ne. Kada ka sa hannu a tsakani. Ka zura kwali ko babban matashi, ka raba musu ɗaki har su huce.

Farata

Yanke bakin farata yana rage rauni. Duk mako biyu zuwa huɗu, sanda take cikin gyangyaɗi, ka danna tafin ƙafar a hankali farcen ya fito, ka cire tsinin kawai. A cikin farcen akwai wani wuri ja-ja mai jini da jijiya, kada ka kusance shi. In biyu kawai ta bari ka yanke, ka bar sauran sai gobe. Cire farata gaba ɗaya ta hanyar tiyata kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ake yankewa, daidai da a guntule wa mutum yatsunsa daga gaɓar ƙarshe. Yana barin wasu da ciwo na dindindin, wasu kuma su koma cizo. Birtaniya da ƙasashen Turai da dama sun haramta shi, jihar New York ta Amurka ma ta hana a 2019.

Lokacin zuwa wurin likitan dabbobi

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. In wadda ta saba da shafa ta wayi gari tana shuri da cizo duk sanda aka taɓa wani wuri, ko aka ɗauke ta, ka fara zargin ciwo kafin ka zargi hali. Tsofaffi suna yawan fama da ciwon gaɓoɓi, za ka ga ta daina hawa inda ta saba hawa, ko tana jinkiri kafin ta yi tsalle. Ƙurji a ƙarƙashin fata bayan faɗa, ciwon haƙori, ciwon mara, duk suna sa ta ƙi taɓi. Ƙuma tana sa fata ta yi tsami har shafa kaɗan ta dame ta. In tana yawan sosa kunne da ƙafar baya tana girgiza kai, a duba kunnen. Akwai kuma wata lalura da fatar baya ke rawa, kyanwar ta zabura ta juya tana cizon jelarta ko tana shurin kanta, ta ruga a guje ba dalili. In ka ga haka, ka ɗauki bidiyo da waya ka nuna wa likita, don da wuya ta yi a gabansa. Muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita, yana kuka in an taɓa cikinsa, wannan na gaggawa ne, a ranar za a kai shi.

Kada ka ba kyanwa maganin ciwo na mutane. Farasitamol guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Kai kuma da aka yakusa, ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cizo ya fi yakushi haɗari, domin haƙoran kyanwa sirara ne, suna kai ƙwayoyin cuta can ciki sannan bakin raunin ya rufe. In cizon ya nutse, musamman a hannu ko kusa da gaɓa, ka je asibiti a ranar, kada ka jira ya kumbura. Ja mai yaɗuwa, zafi, mugunya ko zazzaɓi, duk alamun ya harbu ne. Yakushi ma yana iya kawo wata cuta da ƙuma ke yaɗawa tsakanin maguna, wadda ke sa kaluluwa ta fito a hammata ko wuya bayan mako ɗaya zuwa uku, shi ya sa maganin ƙuma yake kare kyanwar da mutanen gidan gaba ɗaya. Mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su fi kowa kula. In kuwa kyanwar ba taka ba ce, ko ba a yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba, ka wanke raunin na tsawon minti 15, ka tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, ka gaya wa likita irin dabbar da ta yi maka rauni, ka kuma tambaye shi ko kana buƙatar allurar tetanos.